Kwanon da Aka Ture Gefe

Agege, Legas
Laraba, bayan la'asar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana na fari,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya, ta jiki da ta zuciya, ta zuciyar ma ita na fi roƙo. Ƙanwarka Ummi ce za ta kawo maka ita Oyingbo gobe, tare da wani ƙunshi. Kada ka kwance ƙunshin sai ka gama karatu. Ta gaya mini ranar Asabar za ku tashi zuwa Kwatano, kai da Lantana mai abinci, kuma ba da niyyar dawowa ba. Ban rubuto don in hana ka ba. Da ina da wurin da ya fi can, da na ce ka zauna. Ba ni da shi. Arewa ba ta zaunuwa gare ka tun da aka soma kamen irinku a garuruwanmu, ita kanta Lantana daga can ta gudo. Agege kuwa ka ga abin da ta yi maka, kuma yawancinsa da hannuna aka yi.

Ka san ni da rubutu. Tun ina aji uku a sakandare nake ajiye littafin da nake rubuta abin da ya faru kullum, yanzu sun kai ashirin da shida a akwatin ƙarfe. Kwana tara ke nan, in na taso daga makaranta, ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina neman inda na soma kuskure da kai. Na ɗauka zan sami rana ɗaya in ce ga ta. Ban samu ba. Abin da na tarar a cikinsu shi ne mutum mai lura da komai, mai rubuta komai, wanda bai taɓa tashi ya yi komai ba. Takardar nan ma sau huɗu ina soma ta ina yagewa, kuma ban tabbata wannan ta fi waɗancan ba.

Bari in fara da abin da ban taɓa ɗauka laifi ba ne. Kai ne ɗan fari, ni kuma daga gidan da ake kunyar ɗan fari na fito. Mahaifina har ya koma ga Allah bai kira sunan yayana ba, bai ɗauke shi a gaban mutane ba. Haka na yi da kai. Shekara ashirin ban furta sunan da aka raɗa maka ba, sai "kai", sai "yaron nan". In ka zo na ɗaya a aji in dubi takardar in ce "to", in juya in ba Ummi alewa. A ƙauyenmu wannan ba ya cutar da yaro, don akwai kaka, akwai baffa, akwai gwaggo da za su ɗauke shi su gaya masa ubansa yana son sa. Ni na ɗauko al'adar na kawo ta ɗaki biyu a gidan haya a Legas, na baro kakannin da gwaggonnin a can. Mahaifiyarka ita ma tana kunyar, amma takan ajiye ta in ku biyu ne a madafa. Da ta rasu kana shekara goma sha huɗu, babu wanda ya rage ya gaya maka ma'anar shiruna. Kai kuwa ka ɗauke shi yadda ya fi kama, cewa ƙyamarka nake yi.

Nasihata a nan gajeriya ce. In Allah ya ba ka wanda kake so da alheri, ko ƙawa ce, ko yaron da ka raina, ka gaya masa da baki. Kada ka dogara zai gane. Ba a ganewa.

Na sami inda na rubuta, kana ɗan shekara biyar: "Yau na tarar da yaron nan ya ɗaura ɗankwalin uwarsa yana tuƙa tuwon ƙasa. Na yi masa tsawa. Ta ce in ƙyale shi, zai bari." Ba ka bari ba. Kuma da ta rasu, abin da nake yi maka tsawa a kai shi ya riƙe gidan. Ka shiga madafa ba wanda ya sa ka. Kai ne cefane, kai ne wanki, kai ne kitson Ummi. Mutane suna ta ce mini in yi aure, ina cewa sai Ummi ta ɗan tasa. Gaskiyar ita ce gidan bai rasa komai ba. Na bar ka kana yin aikin mace shekara uku don yana yi mini amfani, sharaɗina kawai kada a sani. Da yake gidan da muke haya babu Bahaushe sai mu, labarin bai kai inda nake tsoro ba.

Inda nake tsoro kuwa shi ne tabarmar ciyayya. Ka san yadda muke yi: bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar shagon Alhaji Mudi mai goro, a zauna a ci na wannan a koma na wancan. Mu baƙi ne a garin nan, tabarmar nan ita ce garinmu. A nan ake jin wa ya haihu, wa ya rasu, ina ake neman ma'aikaci. Wanda ba ya kanta ba ya cikin mutane. Ummi ce ke fito da namu, a kwanon samirar nan na mahaifiyarka, fari mai jan fure. Kuma kullum shi ake fara cinyewa.

"Malam Habu," in ji Alhaji Mudi yana suɗe yatsa, "gaya mana tsakaninka da Allah, wace bazawara ka ɓoye a ɗaki?"

In ce, "Maƙwabciya ce ke taimaka mana."

"To Allah ya kashe auren maƙwabciyar nan mu samu shiga."

A yi dariya, ni ma in yi. Isufu mai gadi, mutumin Tawa ta Nijar, wanda ke kirana Mushe kamar yadda suke kiran malamin makaranta a can, shi ba ya ko magana sai ya ga ƙasan kwano, sannan ya ce, "Mushe, wagga miya ko uwata ba ta yin irinta, Allah shi gafarta mini." Duk wannan yabon a kunnena yake tsayawa. Ko sau ɗaya ban shigo na ce maka an yaba ba.

Ranar da abin ya faru kai ma ba ka manta ba, amma bari in faɗe ta yadda na gan ta daga inda nake zaune. Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ce, cikin damina. Ummi na kwance da zazzaɓi, sai ka fito da kwanon da kanka. Akwai kwalli a idonka. Ka durƙusa har ƙasa ka ajiye shi kamar yadda uwarka take yi, ka buɗe murfin ka ce a ci lafiya. Alhaji Mudi ya riga ya kai loma ɗaya. Ya dube ka, ya dubi hannunka da manja bai gama fita ba, ya ce, "Wai kai ne mai girkin nan?"

Sai ka yi murmushi. Wannan murmushin shi ke hana ni sukuni har yau, don ka ɗauka yabo ne zai biyo. Ka ce, "Ni ne, Alhaji. Gishiri ya ji?"

Ba wanda ya amsa maka. Alhaji ya sa bayan hannu ya ture kwanon zuwa bakin tabarma, ya ce, "Ashe shekara uku tuwon ɗan daudu muke ci. Malam Habu, ka cuce mu." Wani daga gefe ya ce, "Ai sai ka ce mana 'yarka ta isa aure, mu kawo goro." Aka fashe da dariya. Kana durƙushe kana kallona. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na sa hannu a kwanon Alhaji Mudi. Tuwon ya yi gudaji, miyar lami, na cinye rabona tas.

Isufu ne ya miƙa hannu ya jawo kwanon gabansa. Ya ce, "Ni dai ba ni da mata a Legas, cikina kuma bai san ɗan daudu ba. Yaro, Allah shi yi maka albarka." Ya cinye shi kaɗai, suna yi masa tsiya yana ci. Mai gadi, baƙo, wanda ko ɗakin kansa ba shi da shi, ya yi abin da ubanka ya kasa. Ka san abin da na rubuta a littafina ran nan? "An yi ruwa da rana. Wuta ta dawo ƙarfe shida. Wani abu ya faru wurin ciyayya." Shi ke nan.

Daga baya na yi ta tunanin cewa shi Alhaji Mudi, in ya je tasha, wurin 'yan daudu yake sayen soyayyar kaza, yana ma cewa ba wanda ya kai su iya suya. Abin da ya ƙi shi ne a ce mai girkin ɗan maƙwabcinsa ne, wanda ya san ranar sunansa. To ga nasihata. Za ka haɗu da masu zagin ka a fili, waɗannan ka san inda suka tsaya, ka kauce musu. Wanda za ka fi tsoro shi ne irina: mai cin moriyarka a ɗaki, in an fito waje ya sa hannu a kwanon wani. Duk wanda ba zai amsa sallamarka a gaban jama'a ba, kada ka ba shi zuciyarka, komai daɗin bakinsa. Kuma duk garin da ka sauka ka nemi Isufun garin. Akwai shi. Yawanci ba mai kuɗi ba ne, ba kuma mai ilmi ba.

Washegari na hana ka shiga madafa. Na ce daga yau sayen abinci za mu riƙa yi. A ganina gyara nake yi. Ban lura ba cewa madafar nan ita kaɗai ce wurin da kake da daraja a duniya, ita ce kuma abin da ya rage maka na uwarka. Na raba ka da ita, na kai ka koyon okada, wato haya da babur, wurin samarin bakin titi, waɗanda tun ranar farko suka sa maka suna Hajiya. In mace ta tsayar da ku su ce, "Hajiya, ɗauki 'yar'uwarki." Kana dawowa kana shigewa ɗaki, ni kuma ina cewa a raina za ka saba.

Da ba ka saba ba, Alhaji Mudi ya ce aljana ce ta aure ka, ya kwatanta mini wani malami a Mushin. Sau uku na kai ka. Ina zaune a waje a kan benci ina jin ƙarar bulala da hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ana cewa "Fita! Faɗi sunanki!" A zuwa na uku ka ce musu ta fita, don su bar ka. Malamin ya fito yana gumi ya yi mini albishir. A hanyar dawowa, muna matse a bayan motar danfo, ka yi mini magana mafi tsawo da ka taɓa yi mini. Ka ce, "Baba, babu kowa a jikina sai ni. Ku kuna cewa kwaikwayon mata nake yi. Wallahi kwaikwayon maza nake yi, tun safe har dare, tun ina ƙarami, kuma na gaji. Ni dai tun da na san kaina mace nake jin kaina. Ban roƙa ba, ban saya ba."

Na ji kowace kalma, har na rubuta su da na dawo. Amma a cikin motar nan maganar da ta fito daga bakina ita ce na gaya wa kwandasta akwai mai sauka a bakin kasuwa.

Har yau ban fahimci abin da ka gaya mini ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na tambayi kaina, na duba littattafan da nake da su, na kasa haɗa abin da aka karantar da ni da yaron da na sani, wanda bai taɓa ɗaukar tsinken wani ba, bai taɓa barin ƙanwarsa da yunwa ba. Na bar wa Allah wannan, shi ya yi ka, shi ya san abin da ya sa a cikinka. Abin da na sani shi ne bulala ba ta fitar da komai ba sai sauran yardar da kake da ita gare ni. Don haka kada ka sake yarda wani ya dake ka da sunan magani, ko waye shi, ko da ni ne na kai ka.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuya. Littafin shekarar da ta biyo baya na karanta shi sau biyu. Ga irin abin da ke ciki, da rubutuna mai kyau, kowanne da ranarsa. "Bai ci abinci ba." "Kwana shida bai fita ba." "Ya rame." "Ya juya madubin ɗaki yana kallon bango." "Ya tambaye ni ko Allah yakan yi mutum don wuta kawai. Na ce ya yi istigfari." "Ya ba Ummi rediyonsa da agogonsa." Na ƙirga, sau arba'in da ɗaya na rubuta "bai ci ba". Kamar mai rubuta ranakun da aka yi ruwa. Ina ganin kana nutsewa, ina auna zurfin, ban miƙa hannu ba. Na ce kunya ce. Yanzu na san rabinta tsoro ne, tsoron in na tambaye ka me ke damun ka za ka ce ni ne.

Ranar Juma'ar da ka yi abin da ka yi, ka zaɓi lokacin da duk maza ke masallaci. Ba don Saratu ba, maƙwabciyarmu nas, Kirista 'yar wajen Kafanchan, da ta dawo aiki da wuri ta ji ihun Ummi, da yanzu ba takarda nake rubuta maka ba. Ita ta ɓalle ƙofa, ita ta ɗora ka a okada ta riƙe ka har asibiti. Na iso da sallayata a kafaɗa. Ta tare ni a baranda, rigarta duk ta ɓaci. Ka san abin da na fara tambayar ta? Na ce, "Wa ya gani?"

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta ce, "Malam, yaronka ya kusa mutuwa, kai kana tambaya wa ya gani? Allah ya gani. Ka shiga ka riƙe hannunsa."

Na shiga. Na tsaya a gindin gado. Ban riƙe ba. Da magariba na je tabarma na ce musu taifot ne, suka ce Allah ya sawwaƙe.

Wannan ita ce nasihar da saboda ita na rubuta duk sauran. Malamai sun riga sun gaya maka hukuncin wanda ya kashe kansa, ba zan ƙara a kai ba, tunda tsoratarwa ba ta tsayar da kai ba waccan Juma'ar. Saratu ta gaya mini abin nan ciwo ne kamar sauran ciwo, yana kama wanda aka daɗe ana wulaƙantawa, yana da magani, akwai likitocinsa. Ta ce yakan tafi ya dawo. To in ya dawo, ka san kamanninsa, na lissafa maka su a sama. Ranar da ka ji abinci ya fita ranka, ranar da ka ji kana son rarraba kayanka, kada ka jira washegari. Ka gaya wa Lantana, ka gaya wa duk wanda ke kusa, ka ce a kai ka asibiti. Kada ka rufe ƙofa. Kuma ina roƙon ka abu ɗaya da za ka iya riƙewa kullum: kada ka ci abinci kai kaɗai. Ko gari ne da ruwa, ka nemi wanda zai sa hannu tare da kai. Wanda ake jira a kwano, in bai zo ba ana tashi a duba.

Saratu ce kuma ta kawo Lantana, don wurinta take sayen abinci in ta je Oyingbo. Na tuna zuwanta: doguwa, ta haura hamsin, doguwar riga irin ta maza da gyale a kafaɗa, lalle har wuyan hannu. Tun daga nesa na san tana cikin waɗanda ake kira 'yan daudu, kuma na tsaya a bakin ƙofa ban ba ta wurin zama ba. Ta dubi kujerar, ta dube ni, ta ce, "Malam, riƙe kujerarka, ba zama na zo yi ba. An ce akwai 'yata a nan da ta iya miyar kuka, ni kuwa hannuna ya soma ciwo." Ta raɓa ni ta shige. Ina jin ta tana cewa, "Ke, tashi! Wa ya ce ki mutu ki bar mu da wankin tukwane? In mutuwar ce ki bari sai bayan Sallah, yanzu ciniki ake yi." Sai na ji ka yi dariya. Na rubuta ran nan: "Ya yi dariya. Ba ni na sa shi ba."

Da ka koma wurinta na ce wa mutane ka tafi koyon sana'a. Sau ɗaya na bi ka, ba ka sani ba. Na tsaya a tsallaken titi a bayan wata danfo da ta lalace. Na gan ka kana zuba wa leburori tuwo, kumatunka sun dawo, kana yi wa wani tsiya a kan ƙarin nama, ƙawayenka suna shewa. Na ji suna kiran ka Asabe. Da na dawo na ɗauko littafin shekarar da aka haife ka na duba, ranar Asabar ce kuwa, da hantsi. Na ji suna ce maka "ke". Na gwada a takardun da na yage, hannuna ya ƙi. Ka yi haƙuri da iyakar abin da na iya. Ran nan titi kawai ke tsakaninmu, na tsaya kusan awa ɗaya, ban tsallaka ba.

Na wulaƙanta matar da ta yi maka abin da ni da malamin Mushin da duk tabarmar Alhaji Mudi ba mu yi ba. Ka gaya mata na ce ta yafe mini, kuma na ba ta amanarka. Amma kai ma ka buɗe ido. Ban san rayuwarku ba, sai abin da nake ji. Na ji akwai mazan da ke zuwa da daɗin baki da kyauta, akwai shaye-shaye, akwai cutar nan da ke ƙarar da mutane ba a faɗin sunanta. Ka riƙe sana'arka, hannunka ya isa ya ciyar da kai. Kada ka dogara da mutum ɗaya kaɗai, ko Lantana ce, don ita ma 'yar Adam ce, ta manyanta. Kuma kada ka bar salla don an nuna maka ba ka da wuri a sahu. Ka yi ta a ɗakinka. Ba Alhaji Mudi ake yi wa ba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne abin da Ummi ta gaya mini, cewa tun ranar da samarin nan, 'ya'yan Hausawa 'yan'uwanmu, suka zo suka zuba muku yashi a tukwane suka ce ku bar unguwar, ka koma tsakurar abinci. Shekara guda Lantana tana gina ka, yini ɗaya suka rushe rabi. Shi ya sa ba na iya gaya maka ƙarya cewa Kwatano za ta fi. Ban sani ba. Wataƙila can ma akwai tabarma irin tamu. Ina jin tsoro wata rana a aiko mini da labari, ko kuma, abin da ya fi wannan, kada a aiko, in yi ta jira har in mutu. In za ka iya, duk Sallah ka ba direbobin da ke zuwa Legas 'yar takarda, ko layi ɗaya ne. Ka sa hannu da sunan da ka ga dama.

Saura abu ɗaya. Ranar Lahadi ka aiko Ummi da tuwo da miyar kuka a kula, ka ce na sallama ne. Na daɗe ina kallon sa. Sai na sauko da kwanon samirar daga saman kabad, inda yake tun waccan ranar, na wanke, na juye, na ɗauka da kaina zuwa ƙofar shagon Alhaji Mudi. Na ajiye a tsakiya na buɗe. Ƙamshin ya tashi, na ga wasu sun gyara zama. Na ce, "Ɗana ne ya dafa." Sai da na maimaita.

Alhaji ya ce, "Wane ɗan? Ai mun ɗauka ka sallama shi."

Na ce, "Ban sallama ba."

Wannan karon ba su ture kwanon ba. Su suka matsa, ɗaya bayan ɗaya, suka ja kwanoninsu zuwa ɗaya ƙarshen, suka juya mini baya suka ci gaba da hirar tsadar goro. Na waiga inda Isufu ke zama. Na manta ya koma Tawa tun bara, da rikicin ƙabilanci ya tashi a garin nan. Na ci ni kaɗai. Ban iya cinyewa ba. Tun ran nan ban koma ba, ba kuma wanda ya aiko ya tambaya.

Kada ka ɗauka ina gaya maka ne don ka yaba mini. Ihu ne bayan hari. Kalma huɗu ce, da na faɗe ta kusan shekara uku da suka wuce, kana durƙushe kana kallona, da wataƙila babu Mushin, babu waccan Juma'ar, babu Kwatano. Na faɗe ta ranar da ba ka wurin, ranar da ba ta da amfani ga kowa. Kuma kwana uku kacal na yi ina cin abinci ni kaɗai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kai shekara nawa ka yi?

Kwanon ne a cikin ƙunshin. Na uwarka ne, kai ka fi kowa cancantar sa. Ka riƙa zuba wa waɗanda za su ci su gode. Ummi kada ka damu da ita, ina koyon girki, tana yi mini dariya.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ku a kan iyaka, ya sauke ku lafiya. Allah ya haɗa ka da mutanen da suka fi ubanka. Ya yaye maka baƙin cikin da muka ɗora maka, ya tsawaita ranka har ka ga furfura. Ban ce ka yafe mini ba, don ban ga abin da na yi da zan nemi haka da shi ba. In wata rana ka ga za ka iya, to. Na yafe maka duniya da lahira, ko da yake na duba littattafai ashirin da shida ban ga abin da ka yi mini ba.

Ka yi tambaya ran nan a bakin tabarma, ba wanda ya amsa maka. Na ɗanɗana ranar Lahadi a hankali don in tabbata kafin in faɗa.

Gishiri ya ji, Asabe. Ya ji daidai.

Mahaifinka,
Habu